Hannu a Baya

A garin Sam Phran, idan ka ga mutum yana tafe hannuwansa biyu a baya, yana ɗan duƙawa yana leƙen komai, to ɗayan biyu ne: ko ciwon baya ke damunsa, ko alƙalin furen okid ne. Chalong dai bayansa lafiya lau, kuma bai zama alƙali ba tukuna. Shekara bakwai ke nan yana koyo.

Kada wani ya yi dariya. A nan bakin kogi, inda rabin gari da okid suke cin abinci, alƙalin fure ya fi na kotu kwarjini. Na kotu ɗaure ka kawai zai yi. Wannan kuwa zai dubi abin da ka shekara goma kana reno, ya taɓe baki ya ce kunnen furen na hagu ya karkace. Kafin ƙungiyar masu okid ta lardi ta maƙala wa mutum ɗan koren bajon nan a ƙirji, sai ya yi shekaru yana bin alƙalai da takarda da fensir, sai ya haddace ɗaruruwan iri har iyayensu da kakanninsu, sannan ya zauna jarrabawa a gaban shugabar alƙalai, Ajan Lamduan, wato Malama Lamduan, wadda ta koyar da duk wani mai bajo a lardin. Sau uku ake zama. Wanda ya faɗi na uku, shi ke nan, ya koma gida ya ci gaba da ban-ruwa.

Chalong ya faɗi sau biyu.

Shi fa ba sakarai ba ne. Shekara talatin da biyu ya yi a gidan waya, ya gama yana shugaba, kuma yana da ido. Yana iya gaya maka faɗin fure daga nesa, ka ɗauko rula ka auna ka tarar haka ne. Abin da ya kayar da shi a karo na farko tausayi ne. Tukunya shida aka jera masa, ba wadda ya ba ƙasa da maki tamanin cikin ɗari, har da wata da tsutsa ta yi wa ƙofa a leɓen fure.

Ajan Lamduan ta dube shi ta saman tabarau. Tsohuwa ce 'yar firit, da mafici a hannu kullum. Ta ce, "Chalong, wannan me ta yi maka da ta ci tamanin da biyu?"

Ya ce, "Ajan, na ga mai ita ya yi ƙoƙari ne."

"To ka je ka buɗe gidan marayu. Nan fure ake dubawa, ba ƙoƙari ba."

A karo na biyu ya zo da zuciya kamar dutse, komai yana tafiya daidai, sai wani fure ya burge shi har ya manta da kansa. Ya miƙa ɗan yatsa don ya ji kaurin kunnen. Kafin yatsan ya dawo mafici ya sauka a kansa, ƙwas! Alƙali ba ya taɓa fure. Wannan ita ce doka ta farko, shi ya sa suke tafiya hannu a baya.

Tun daga ranar Chalong ya mayar da hannuwansa baya bai sake dawo da su ba. Haka yake zuwa kasuwa, haka yake kallon talabijin, haka yake tsayawa a kan matarsa Prathum idan tana soya kifi, yana leƙa kaskon kamar zai ba shi maki.

Ranar jarrabawa ta uku, da asuba, Prathum ta cusa masa ɗan kwandon shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza a jaka. Ta ce, "Karɓi mana! Ko a wuya zan rataya maka? Shekara guda ina auren mutum marar hannu."

"Yau ce ta ƙarshe, Prathum."

"Da ta fi mini. Ka ci ko ka faɗi, ni dai a dawo mini da mai ɗaukar mini kaya a kasuwa." Ta gyara masa wuyan riga, ta ɗan daɗe tana gyarawa fiye da yadda wuyan yake bukata. Ta san abin da bajon nan yake a ransa. Tun da ya bar aiki ba wanda ya sake tambayarsa ra'ayinsa a kan komai, kuma abin yana cinsa.

A babban zauren haikali ake baje kolin na shekara. Ƙarfe bakwai Chalong ya isa. An riga an jera tukwane a kan dogayen tebura, kowace da lambarta, babu suna, don kada alƙali ya san mai ita. Masu furanni sun fita waje cin taliya. Chalong ya bi layi a hankali, hannu a baya, rularsa ta ƙarfe a cikin hannun, wata doguwa da ya taho da ita daga gidan waya yana ji da ita.

A gaban lamba arba'in da bakwai ya tsaya cak. Tukunyar ƙasa ce tsohuwa, bakinta ya ɗan ɓantare, an cika ta da gawayi. Amma abin da ke kanta! Furanni uku a kara ɗaya, farare sol, leɓensu ja mai duhu, kowanne ya buɗe sarai ya fuskanci gaba ba tare da ya hau kan ɗan'uwansa ba. Na tsakiyan nan, Chalong bai taɓa ganin irinsa ba. Ya duƙa, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, ya riƙe numfashi.

"Chalong."

Muryar Ajan Lamduan ce daga ƙofar gefe. Ya juyo da sauri don ya gaishe ta, kuma a cikin juyowar nan ya ji wani ɗan sauti a bayansa. Ƙas. Ɗan ƙarami ne, kamar an karya wake ɗanye.

Ya haɗa tafukan hannunsa a gaban fuska, rula a tsakiyarsu tana tsaye har saman kansa, ya sunkuya.

Ta ce, "Da takobi ake gaisuwa yanzu? Ka ci abinci?"

"Na ci, Ajan."

"Ƙarfe goma. Kada ka makara." Ta wuce abinta.

Sai da ƙarar takalminta ta ɓace sannan ya waiwaya. Furanni biyu ne a kan kara. Na tsakiyan yana kwance a kan tebur, fuskarsa sama, kyakkyawa kamar ba abin da ya same shi.

Wayyo! Gumi ya karyo masa har cikin takalmi. Shekara guda yana ɓoye hannu don kada ya taɓa fure, ashe a bayan nasa ɓarnar take jira. Wanda aka kora don ya shafa kunnen fure, me za a yi wa wanda ya fille masa kai? Ya duba dama, ya duba hagu. Ba kowa sai wani kare da ke barci a gindin ginshiƙi.

Abin da ya kamata ya yi, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma ba shi ya yi ba. Jakarsa ya buɗe.

A gidan waya, duk lokacin da gam ya ƙare, da shinkafa mai danƙo suke liƙe ambulan, kuma ba a taɓa yin gwani kamar Chalong ba. Ya gutsuri 'yar loma, ya murza ta tsakanin yatsu har ta zama kamar ƙaro. Ya zaro tsinken sakace, ya karya rabi, ya soka gefe ɗaya a wuyan furen, ɗaya gefen a kara, ya shafe mahaɗar da shinkafa, ya goge da farce. Ya ja da baya ya duba. Kai, in ba an gaya maka ba, ba za ka taɓa cewa wani abu ya faru ba. Har wani ɗan alfahari ya ji, marar kunya. Tukwane sun fi ɗari biyu a zauren, uku kawai za a ɗauko masa. Ya gaya wa kansa cewa zuwa yamma kowa ya kwashe kayansa, furen ya faɗi a hanya, a ce iska ce.

Ya fita waje don ya sha iska, sai ya yi kiciɓis da Kawu Thawin.

Duk wanda ya taɓa ƙetare kogin nan ya san Kawu Thawin. Shekara hamsin yana fito da mutane a kwalekwale kafin a gina gada. Yau ya sa farar riga mai guga, ya ɓalle maɓalli har maƙogwaro, ya shafa mai a 'yan gashin da suka rage.

"A'a, ɗan gidan waya! An ce yau za ka zama babban mutum."

"Ana dai fata, Kawu."

"Ni ma na kawo tawa. Karo na farko ke nan."

Chalong ya toshe kunne ɗaya. "Kada ka gaya mini lambarta, Kawu. Doka ta hana."

"Haba, ni yaro ne? Ai na san doka. Ko kashe ni za a yi ba zan ce maka arba'in da bakwai ba ce."

Chalong ya ja da baya zai sulale. Tsohon bai lura ba, ya kama hannun rigarsa ya ci gaba. Matarsa Samniang ce ta haɗa irin da kanta daga furanni biyu, da tsinken gashinta, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ita ta rene shi tun yana kamar ƙwayar gero a cikin kwalba. Ta rasu shekara uku ke nan, bai yi fure ba tukuna. Bara ya yi ɗaya, bana ya yi uku, kuma sau ɗaya yake yi a shekara.

"An ce idan ya kai maki tamanin, mai shi ne ke raɗa masa suna, a rubuta a babban littafi, ba mai sake gogewa. Haka ne?"

"Haka ne, Kawu."

"To Samniang zan sa masa. Ita ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, ka ga sai a rubuta mata." Ya yi dariya da haƙoransa huɗu. "Kai, me ya same ka? Ka yi fari kamar tafasasshiyar kaza. Tsoron tsohuwar nan ne? Rabu da ita, tun tana 'yar makaranta nake fito da ita, amai take yi a kwalekwale."

Ƙarfe goma aka rufe ƙofa, aka ja igiya, masu furanni suka tsaya a waje suna leƙe ta taga. Alƙalai biyar suka zauna a dogon tebur, Ajan Lamduan a tsakiya. A damanta akwai Likita Wirot, likitan haƙori, wanda ke yawo da gilashin ƙara girma a aljihu. Shi ba abin da yake so a duniya kamar kama maguɗi. Shi ya kama wanda ya cusa auduga a bayan kunnen fure don ya miƙe, shi ya kama wadda ta shafa wa ganye farin ƙwai don ya yi sheƙi. Hukuncin kuwa sananne ne: shekara biyar ba ka ba baje koli, a kuma liƙa sunanka a allon ƙofar zaure, kowa ya karanta.

Aka kawo tukunya ta farko. Chalong ya zagaya ta, hannu a baya. Ya faɗi sunan irin, ya faɗi iyayensa, ya ce launin ya fi na uwar amma kunnuwan sun gaji sirantar uban, ana hango haske ta tsakaninsu. Saba'in da huɗu. Ajan ta gyaɗa kai sau ɗaya, wanda a wurinta yabo ne.

Ta biyu wata shuɗiya ce mai furanni goma sha biyu, ta cika ido, har 'yan taga suka yi "Kai!" Chalong ya duƙa ya daɗe. Ya ce yawa ba shi ne kyau ba: na ƙasa sun fara tsufa kafin na sama su gama buɗewa, kuma biyu sun juya wa mai kallo baya. Saba'in da bakwai.

Likita Wirot ya ce, "Ba ka tausaya wa mai ita?"

"Fure ake dubawa, Likita."

Ajan ta ɗan motsa mafici. Saura ɗaya. Chalong ya ji bajon kamar ya riga ya taɓa ƙirjinsa.

Ajan ta ce, "A kawo arba'in da bakwai. Tun ƙarfe shida da rabi na ware ta."

Aka dire tsohuwar tukunyar a tsakiyar tebur. Rana ta riga ta ɗaga, zauren ya ɗumame, kuma Chalong ya ga abu biyu da ba wanda ya gani tukuna. Furen tsakiya ya ɗan sunkuyar da kai, kaɗan dai, kamar mai jin barci a wurin wa'azi. Sannan daga gindin tukunya, ta bayan kara, wani siririn layi yana hawa sama. Kiyashi ne. Sun ji ƙanshin shinkafar Prathum, sun gayyato dangi.

A nan ne dabara ta faɗo masa, kuma dabara ce mai tsabta, mai kama da mutunci. Doka ta ce alƙalin da ya san mai fure ya tashi daga tebur.

Ya ce, "Ajan, a gafarce ni. Na san mai wannan tukunya. Ba zan iya yi mata hukunci ba."

Alƙalai suka gyaɗa kai. Wani ya ce, "Madalla." Ajan ta dube shi da wani abu mai kama da jin daɗi. "Da kyau. Da yawa sukan yi shiru. Fita ka jira, za a sauya maka wata."

Ya juya ya nufi ƙofa. Taku goma ne. Yana cikin na shida ya ji Likita Wirot ya ce, "Dakata. Me kiyashi ke nema a nan?" A na takwas ya ji kujera ta matsa. A na tara ya ji ihu irin na wanda ya tsinci zinariya.

"Shinkafa! Ajan, shinkafa ce! Da tsinke a ciki! An liƙa shi ne!"

Zauren ya kaure. Likita ya manna ido a gilashi, murna kamar ta kashe shi. "Tabɗi! Shekara ashirin ina cike haƙora, ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Wannan tsohon ɓarawo ne, ya saba. A ɗauko littafi a duba mai lamba arba'in da bakwai."

Hannun Chalong yana kan ƙofa. Ta tagar gefe ya hango Kawu Thawin a bayan igiya, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Bai ji abin da ake faɗa ba, ya dai ga an taru a kan tukunyarsa ana ta nuni, ya ɗauka yabo ne. Ya ɗaga wa Chalong gira, yana murmushi. Shekararsa saba'in da tara. Chalong ya ƙara shekara biyar ɗin hukunci a kai, ya kuma ga sunan tsohon a allon ƙofa, inda duk wanda ya taɓa shiga kwalekwalensa zai karanta. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Ya saki ƙofar ya dawo.

"Kada a buɗe littafi. Ni ne."

Ajan ta ce, "Kai ne me?"

"Ni na karya shi, ni na liƙa shi. Mai tukunyar bai san komai ba."

Sai Likita Wirot ya fashe da dariya. "Ajan, ciwon nasa ne ya tashi. Tausayi! Yanzu ya gama cewa ya san mai ita. So yake ya ɗauke wa abokinsa laifi."

Ajan ta girgiza kai cikin takaici. "Chalong, na ɗauka ka warke. Koma waje."

"Ajan, da gaske ni ne!"

Likita ya ce, "Kai? Kai da ko ƙulla igiyar takalmi matarka ke yi maka tun bara? Wannan aikin gwani ne, malam."

Nan fa ran Chalong ya ɓaci. A ƙwace masa bajo, ya yarda. Amma a ce ba shi ya yi aikin nan ba? Ya zazzage jakarsa a kan teburin alƙalai: kwandon shinkafa, cinyar kaza, fensir, rabin tsinke. Ya ɗaga tsinken. "A gwada da na cikin furen, in bai haɗu ba a kira ni maƙaryaci!" Ya buɗe kwando ya nuna gurbin lomar da ya gutsura. Ya miƙa rula, ga koren ruwan kara ya bushe a bakinta. Sannan ya juya musu baya, ya riƙe rular yadda ya riƙe ta da safe, ya nuna yadda ya juyo, har alƙalan gefe suka kwashe tukwanen kusa da su da sauri.

Likita ya zaro tsinken daga furen da ɗan hantsakinsa, ya haɗa da rabin. Suka zauna daram. Ya dubi Chalong da wani sabon girmamawa. "Da me ka goge bakin?"

"Da farce."

"Kai!"

Ajan Lamduan ta buga mafici a tebur. "A shigo da mai tukunya."

Kawu Thawin ya shigo yana takawa a hankali, yana gaishe da kowa. Ya ga furensa kwance a kan farin ƙyalle. Murmushin ya daɗe kafin ya gama barin fuskarsa. Chalong ya durƙusa a gabansa, ya haɗa hannu, ya faɗa masa komai, bai rage ko ɗaya ba, har da ƙofar da ya kusa fita.

Tsohon ya leƙa wuyan furen. Can ya ce, "Da shinkafa?"

"Da shinkafa, Kawu."

"Ta gidanka?"

"Prathum ce ta dafa."

"To ai shi ya sa ta riƙe." Ya ɗauki furen a tafin hannu, ya hure kiyashi biyu da suka rage. Ba wanda ya iya dariya.

Ajan ta ce, "Tashi, Chalong. Jarrabawarka ba ta ƙare ba. Ka ga furen nan kafin ka yi masa aski. Faɗa mini abin da ka gani."

Ya tashi. Ya san ya riga ya faɗi, don haka tsoro ya sake shi. Ya faɗi faɗin furen tsakiya ba tare da ya auna ba. Ya ce farin ba shi da ɗigo ko ɗaya, kunnuwan suna da kauri, sun kwanta sarai, jan leɓen ya tsaya inda ya kamata bai zubo ba. Ya ce ya fi uwarsa da ubansa, kuma wadda ta zaɓi iyayen nan ta san abin da take yi. Ya dubi Kawu Thawin. "Amma na ƙasan, kunnensa na dama yana da 'yar tsaga, kuma karan ya gajarta da kaɗan. Tamanin da huɗu. Ba zai wuce haka ba."

Ajan ta buɗe ɗan littafinta ta juya shi ga sauran alƙalai. Da fensir, tun shida da rabi na safe, ta rubuta: 47, tamanin da huɗu.

Likita Wirot ya yi gyaran murya. "Duk da haka, Ajan, ya taɓa fure. Ba taɓawa kaɗai ba, ya yanka, ya soka, ya yi masa miya."

"Na gani, Wirot, ba makauniya ba ce ni." Ta cire tabarau ta goge. "Ido ana koyar da shi. Na koya wa dukanku, wasu da ƙyar. Riƙe hannu ma ana koya, ga mafici. Amma mutum ya kai bakin ƙofa, ba wanda ya san shi ne, ya dawo da ƙafarsa, wannan ban san yadda ake koyar da shi ba. Shekara arba'in ina wannan tebur, na ga alƙalai sun yi kuskure ba iyaka. Ban taɓa ganin wanda ya yi faɗa don a yarda shi ne mai laifi ba." Ta mayar da tabarau. "Wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu."

Hannuwa duk suna baya, ba wanda ya fito da nasa.

Ta miƙa tafinta. "Rular." Ya ba ta. Ta jefa ta ƙarƙashin tebur, ta laluba jakarta ta fito da tef ɗin tela, mai laushi, wanda ya sha jiki. "Da wannan za ka riƙa awo har ka mutu." Sannan ta maƙala masa koren bajon, ta soke shi da allurar kaɗan, kuma ba wanda zai rantse cewa kuskure ne.

Chalong ya buɗe baki zai yi godiya, ta tura masa takarda da biro.

"Aikinka na farko, alƙali. Furen da ya lalace kafin hukunci ba a ba shi maki, ba a raɗa masa suna. Ka san dokar. Sa hannu an cire arba'in da bakwai."

Ya dubi takardar. Ya dubi Ajan, ko za ta ce wani abu kuma. Idonta ma ba ya kansa. Shekara bakwai yana kwatanta yadda zai sa hannunsa na farko a matsayin alƙali, har gwaji yake yi a bayan kalanda. Amma sunan ya fito a karkace kamar na ɗan aji ɗaya.

Kawu Thawin ya leƙa takardar, ko da yake ba karatu yake yi sosai ba. "Wato sai baɗi."

Ajan ta ce a hankali, "Sai baɗi, Kawu."

"To. Shi dai zai yi fure, wannan na sani. Ni ne zan yi ƙoƙari in kai baɗin." Ya sa yankakken furen a aljihun farar rigarsa, kansa a waje. "Wannan na kai mata gida, in ajiye gaban hotonta. Tamanin da huɗu, ko? Zan gaya mata. Za ta ce rowa kuka yi."

Da aka tashi, Chalong ya bi shi har bakin zaure. "Kawu, bari in ɗaukar maka tukunyar zuwa bakin kogi."

Tsohon ya rungume ta da hannu biyu ya ja da baya. "Kai? Ko inuwarta! In rakiya za ka yi, wuce gaba. Taku uku. Kuma hannuwan nan, fito da su inda zan riƙa ganinsu."

Haka suka ratsa kasuwa da tsakar rana. Prathum tana rumfar mai kifi ta hango su: mijinta a gaba da koren bajo a ƙirji, hannuwansa biyu a miƙe a gabansa, fuskarsa sharkaf da hawaye, tsoho a bayansa da tukunya mai furanni biyu yana ce masa ya rage sauri. Ta buɗe baki za ta tsokane shi, sai ta fasa. Ta ƙarasa ta rataya masa jakar kifin a hannu, ta bi bayansu.